Abuja zuwa Landan a jirgi: kilomita nawa ne, kuma ina sauran awa guda take tafiya?

Tambaya: Wani uba daga Zariya, wanda 'yarsa za ta tafi karatu Ingila, ya ce ya nemi sanin nisan Abuja zuwa Landan. Wani wuri ya ba shi 4,770, wani 2,965, wani kuma 2,575, bai san wanda zai kama ba. An kuma gaya masa jirgi yana cin kilomita 900 a awa. Da ya raba sai ya samu awa biyar da 'yan mintoci, amma tikiti ya nuna sama da awa shida. Sannan ya ga tikitin da ke bi ta Doha ya fi na kai tsaye araha, alhali Doha can gabas take, ba ma kan hanya ba.

Amsa:

Malam, Allah ya ba yarinya sa'ar karatu. Cikin wuraren nan uku babu wanda ya yi maka ƙarya, ma'auninsu ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na Ingila da Amurka, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na uku mil ɗin teku ne, wanda matuƙan jiragen ruwa da na sama suke aiki da shi, shi kuma kilomita 1.852 ne. Ninka 2,965 da 1.609, ko 2,575 da 1.852, za ka dawo kan 4,770 ɗin nan. Shi ne nisan da ke tsakanin filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja da filin Heathrow na Landan, in an bi hanya mafi gajarta a doron ƙasa.

Ba sai ka dogara da kowa ba, da fensir a bayan ambulan za ka iya tabbatarwa. Abuja tana kan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Landan tana kan digiri 51 da rabi. Bambancin digiri 42 da rabi ke nan. Kowane digiri ɗaya, in kana tafiya kudu zuwa arewa, kimanin kilomita 111 ne, domin kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne, an kasa shi gida 360. Ninka 42.5 da 111, ka samu 4,718. Ragowar hamsin da 'yan kai sun fito ne daga cewa Landan ba a saitin Abuja take daidai ba, ta ɗan goce yamma da digiri bakwai da wani abu. Dalilin da ya sa mu masu tsara hanyar jirgi muka fi son mil ɗin teku shi ne an gina shi a kan wannan lissafi: digiri ɗaya mil sittin ne cif, ba sai an nemi na'urar lissafi ba.

In ka ga wani wuri ya rubuta 4,760, wani 4,780, kada ya dame ka. Wani daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari yake aunawa, wani daga filin jirgi zuwa filin jirgi. Filin Abuja yana wajen kilomita 40 daga cikin gari, Heathrow yana wajen kilomita 23 yamma da tsakiyar Landan, Gatwick kuma yana kudu da nisan da ya kusa ninka wannan. Wani kuma yana ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mai cikakken zagaye, wani yana la'akari da cewa ta ɗan baje a sama da ƙasa, ta kumbura a tsakiya. Duk bambancin bai kai tafiyar minti biyu a sama ba.

Sai dai abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan 4,770 ba shi ne abin da jirgi yake tafiya ba. Shi ne mafi ƙarancin abin da zai iya tafiya. Ba jirgin da ya taɓa yin ƙasa da shi, kuma da wuya ka samu wanda ya yi shi daidai.

Yadda ake samo layin kuwa, kifa ƙwarya a ƙasa, ka ɗiga alama biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya, kuma masana suna kiranta layin babbar da'ira. Matsalar tana zuwa ne in an ce za a shimfiɗa bayan ƙwaryar nan a kan takarda. Ba ta shimfiɗuwa sai an ja wani gefe. Taswirar da yawancinmu muka gani a bangon aji, wadda Gerardus Mercator ya tsara a 1569, tana jan ƙasashen arewa ne har su kumbura, shi ya sa tsibirin Greenland yake fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. A irin wannan taswira, gajeriyar hanya takan fito a lanƙwashe, musamman in tafiyar gabas da yamma ce. Jirgin da ya tashi daga Landan zuwa Washinton za ka ga ya yi baka ta wajen gabar Kanada, fasinja ya ɗauka kewaye ake yi da shi, alhali ita ce miƙaƙƙiyar.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga Musulmi, domin da shi ake fitar da alƙibla, kuma malamai irin su Biruni sun yi aiki a kansa tun ƙarni na 11. Mu a Kano ko Zariya muna fuskantar gabas da ɗan karkata arewa, ido ya yarda da haka. Amma wanda yake Washinton, alƙiblarsa arewa maso gabas take, duk da cewa a taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da shi. Zaren ƙwarya ne ya yanke hukunci, ba takarda ba.

Abuja zuwa Landan dai ba ta da wannan rikici sosai, tunda kusan kudu da arewa ce. In ka ja layin, ga inda yake bi. Yana barin Abuja ya wuce yamma kaɗan da Kaduna, ya ratsa kusa da Gusau, ya shiga Nijar ta yamma da Maraɗi. Daga nan sai sahel ya ƙare, hamada ta karɓa. Ya ratsa arewacin Nijar ya faɗa Aljeriya, ya bi ta saman Tamanrasat da duwatsun Ahaggar. Aljeriya ita kaɗai tana cin wajen awa biyu, don ita ce ƙasa mafi girma a Afirka, kuma jirgi yana tsaga ta ne daga ƙasa har sama. Layin yana fita teku kusan ta kan birnin Aljiyas, ya tsallaka Bahar Rum ta tsibirin Mayorka, ya taɓa Sifaniya a daidai Barcelona, ya haye duwatsun da suka raba Sifaniya da Faransa, ya wuce gefen Toulouse, ya tsaga Faransa har gabar Le Havre, sannan ya tsallaka mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila. In yarinya ta samu kujerar taga kuma da rana ne, kusan rabin tafiyar rairayi da duwatsu za ta gani. Tsohuwar hanyar fatake ce ake wucewa ta samanta, wadda ayarin raƙuma kan yi watanni yana tsallakawa.

To amma jirgi ba tsuntsu ba ne da zai miƙe duk inda ya ga dama. Sama ma tana da tituna. Akwai tashoshi da aka sa wa suna, mafi yawansu babu komai a ƙasa sai lambobi a cikin kwamfutar jirgi, kuma jirgi yana tafiya ne daga wannan zuwa wancan. Hukumar NAMA ce ke kula da shi a saman Najeriya, kuma yankin sararin samaniyar ƙasar gaba ɗaya da sunan Kano aka san shi a takardun jiragen duniya. Da ya tsallaka iyaka sai ya koma hannun cibiyar Yamai, ƙarƙashin ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar. Daga nan Aljiyas, sai Sifaniya, sai Faransa, sai Landan. Kowace ƙasa tana da ƙofofin da ake shiga da fita, tana da wuraren soja da ba a bi, kuma tana karɓar kuɗin wucewa. Ga tashi da sauka: jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, ko da titin ya kalli inda ba nan za shi ba, sai ya juyo daga baya. In damina ce, hadari a arewacin Najeriya yakan yi toroƙon da ya wuce tsayin da jirgin fasinja ke tafiya, ba a bi ta cikinsa, sai a kauce masa da kilomita talatin ko arba'in. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, in tana lissafin hayaƙin da jirage ke fitarwa, takan ƙara kilomita 100 a kan tafiya mai irin wannan tsawo don cike wannan giɓi. A ganina ƙiyasi ne mai kyau a rana mai lafiya.

Wasu kan tambaya ko tsayin da jirgi ke hawa yana ƙara nisa, tunda da'irar sama ta fi ta ƙasa faɗi. Yana ƙarawa, amma a tsayin kilomita 11 abin bai wuce kilomita takwas ba a duk tafiyar.

Yanzu lokaci. Lissafinka daidai ne: 4,770 raba 900 ya ba da awa biyar da minti 18. Inda aka samu saɓani shi ne, 900 ɗin gudun can sama ne, bayan jirgi ya daidaita. Hawa kawai yana cin minti ashirin zuwa talatin, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ta hana wuce kimanin kilomita 460 a awa. Gangarowa ma haka, tun saura wajen kilomita 200 ake fara ta, ana rage gudu. Sannan lokacin da ke kan tikiti ba daga tashi zuwa sauka ake ƙirga shi ba. Daga sa'ar da aka janye jirgi daga ƙofa ne zuwa sa'ar da ya tsaya a ƙofar can. Tafiyar ƙasa a Abuja ba ta da yawa, amma Heathrow fili ne mai tituna biyu kacal da ke ɗaukar jirage sama da dubu a rana, jirgi yakan yi mintoci da dama yana rarrafe kafin ya isa mazauninsa. Kafin ma a ba shi izinin sauka, sau da yawa sai ya shiga layi a sama, yana zagaye a ɗaya daga wuraren jira huɗu da ke kewaye da Landan: Ockham, Biggin, Lambourne da Bovingdon. Wanda ya fito daga kudu kamar namu, galibi biyun farko ne rabonsa. Kamfanoni sun san duk wannan, sai su ƙara 'yan mintoci a jadawali don kada a riƙa rubuta musu latti. Tara su duka, ka samu awa shida da kwata zuwa shida da rabi. Nan awarka ta tafi.

Iska ma tana da nata, amma a wannan hanya ba ta da ƙarfin faɗa a ji sosai. A can sama akwai iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wadda a lokacin hunturu takan wuce kilomita 200 a awa. Mai tafiya gabas tana tura shi, mai tafiya yamma tana danne shi. Shi ya sa Washinton zuwa Landan ta fi Landan zuwa Washinton sauri da kimanin awa guda, nisa ɗaya, jirgi ɗaya. A Fabrairun 2020 wata guguwa ta tura jirgin British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa huɗu da minti 56, tafiyar da ta saba haura awa shida. Mu kuwa da muke tafiya kudu da arewa, iskar tana bugun gefen jirgi ne a saman Aljeriya da Bahar Rum, don haka zuwa da dawowa kusan ɗaya suke.

Abin da ya fi rikita iyaye shi ne agogo. Kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta ne. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Ingila da na Najeriya ɗaya ne. Sauran watannin, Landan tana bayanmu da awa guda. Wato in yarinya ta tafi a Satumba, abin da ka debe tsakanin tashi da sauka shi ne tsawon tafiyar. In a Janairu ne, zuwa zai fito kamar awa biyar da rabi, dawowa kamar bakwai da rabi, alhali duk shida da rabi ne.

Duk abin da na lissafa zuwa nan ƙananan abubuwa ne. Babban abin da ke miƙar da nisa ko ya lanƙwasa shi ba kimiyya ba ce, siyasa ce, kuma mun gani da idonmu a 2023. Ranar 26 ga Yulin shekarar sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda su mayar da shi. Ranar 6 ga Agusta, da wa'adin ya cika, suka rufe sararin samaniyar ƙasar ga kowa. Duba taswira ka ga abin da wannan yake nufi. Nijar ta lulluɓe arewacin Najeriya kaf, iyakarmu da ita wajen kilomita 1,500 ce, daga Kebbi har tafkin Chadi. In ka ce za ka kauce ta gabas, ka bi Chadi, Libiya ce a gabanka, wadda kamfanonin Turai suka daɗe suna gudun samanta saboda yaƙi. Ka ƙara gabas, Sudan ce, ita kuma an rufe samanta tun Afrilun shekarar da faɗa ya ɓarke a Kartum. Sai ya zama an gina katanga a sama, daga iyakar Mali har Bahar Maliya.

A daren da aka rufe, akwai jiragen da suna cikin tafiya labari ya iske su. Wasu suka juya inda suka fito, wasu suka sauka a wata ƙasa shan mai. Jiragen Najeriya zuwa Turai sai suka koma karkata yamma su kewaye Nijar kafin su miƙe arewa, abin da ya ƙara musu kusan awa guda. Na kudancin Afirka da gabashinta, wasu ƙarin ya kai kilomita 1,000 ko fiye. Awa guda ba wasa ba ce a lissafin kamfani: babban jirgi irin Boeing 777 yana shan tan shida zuwa bakwai na mai a awa, kuma mai da aka ƙara nauyi ne, sai an ƙona wani man don ɗaukarsa. Nijar ta buɗe sama ranar 4 ga Satumba, amma kafin watan ya ƙare ta haramta wa jiragen Faransa bi ta kanta. Daga nan sai ya zama jirgi biyu za su tashi daga fili ɗaya zuwa Turai, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya kewaya, bambancin kawai tutar da ke jikin wutsiya. Alhazan 2023 ma sun ɗanɗana irin wannan, da rufe saman Sudan ya tilasta wa jiragensu zagaye, kuɗin jigila ya tashi.

Ba mu kaɗai ba ne. Tun da aka rufe saman Rasha ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da take awa tara ta koma wajen goma sha uku. Kamfanonin Sin suna ci gaba da bi ta Rasha, na Birtaniya ba sa iyawa, sai Landan zuwa Beijin ta zama nisa biyu, ya danganta da wanda ka hau. A Oktoban 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Beijin ɗungurungum. Biranen ba su gusa ko taku ɗaya ba.

Kai, a tarihi ma ba ta saman hamada aka fara haɗa mu da Landan ba. Jiragen farko da suka sauka Kano, a Nuwamban 1925, na sojan saman Birtaniya ne guda uku da suka taso daga Masar. Da kamfanin Imperial Airways ya fara jigila zuwa Kano a 1936, daga Kartum yake zuwa, ta El Fasher da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri, kusan sawun da mahajjatan ƙasa suke bi, sai dai shi yamma ya nufo. Mai zuwa daga Landan sai ya gangara Masar, ya bi kogin Nilu zuwa Kartum, sannan ya juyo. Sama da kilomita 7,500 ke nan, ana kwana a hanya, alhali miƙaƙƙen layin Kano zuwa Landan wajen 4,450 ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ne tsallake hamada kai tsaye ya zama ruwan dare, Kano ta zama zangon shan mai ga jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka. Ita Abuja ba ta zama fadar gwamnati ba sai 12 ga Disamba 1991. Kafin nan amsar tambayarka Legas ce, wajen kilomita 5,000.

Saura batun Doha. Idonka bai yaudare ka ba. Abuja zuwa Doha wajen kilomita 5,000 ne, Doha zuwa Landan wajen 5,240, jimla sama da 10,200, ninki biyu da ɗoriya na hanyar kai tsaye. Ta Adis Ababa wajen 9,400 ne. Ta Alƙahira kusan 7,000, ta Istanbul wajen 6,650, ta Frankfurt wajen 5,200. Ta Paris kuwa kusan babu asara, tunda a gefen layin take.

Me ya sa mai nisa ya fi araha? Domin ba kilomita ake sayar maka ba, kujera ce, kuma farashin kujera kasuwa ke yanka shi. Jirgin kai tsaye yana da masu saye da ba sa ciniki: jami'an gwamnati, ma'aikatan manyan kamfanoni, marasa lafiya masu ganin likita, duk wanda awa goma ta fi masa kuɗi daraja. Masu yin hanyar kai tsaye kaɗan ne, domin yarjejeniyar ƙasashen biyu ce ke ƙayyade yawan jirage, kuma gurbin sauka a Heathrow yana cikin mafi tsada a duniya. Shi kuwa kamfanin da ke da cibiya a Doha ko Adis Ababa, jirginsa na Abuja zai tashi ko da kai ko ba kai, ɗauke da masu zuwa Sin da Indiya da Dubai, na Landan ma haka. Kujerar da ta tashi wayam ta tafi ke nan, ba a sayar da ita gobe. Gara ya karya farashi ya ja ka. Akwai kuma lokacin da canjin kuɗi ya shiga: a 2023 kuɗin kamfanonin jirage na waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, da yawansu suka rufe tikitocin araha ga mai saye da naira. A lokacin, ɗalibai da yawa sun gwammace su je Kwatano ko Accra su tashi.

Ra'ayina, tunda tafiyarta ta farko ce kuma ita kaɗai, in bambancin kuɗin bai yi yawa ba a saya mata na kai tsaye. In ya yi yawa, ba laifi a yada zango, amma tikiti ɗaya ne daga Abuja har Landan, ba biyu da aka haɗa da hannu ba, don in na farko ya makara kamfani ne zai nema mata wani, kayanta kuma su wuce ba sai ta karɓa ba. A bar aƙalla awa biyu tsakanin sauka da tashi.

Akwai wurare biyu da lambar nan ta 4,770 take taɓa aljihu kai tsaye. Na farko haraji. Birtaniya tana karɓar haraji a kan duk fasinjan da ya tashi daga filayenta, kuma tana auna shi ne da nisan da ke tsakanin Landan da babban birnin ƙasar da za ka, ba garin da za ka sauka ba. Tun Afrilun 2023 ajin tafiyar waje uku ne: zuwa mil 2,000, daga nan zuwa 5,500, sai abin da ya haura. Abuja da mil 2,965 tana aji na tsakiya, don haka mai zuwa Legas da mai zuwa Kano duk da awon Abuja ake cajinsu. A shekarar, fam 87 ne a kujerar talakawa, mai zuwa Maroko kuwa fam 13, saboda Rabat ba ta kai mil 2,000 ba. Yana cikin kuɗin tikitin dawowa, ana kuma ƙara shi lokaci zuwa lokaci.

Na biyu diyyar latti. A dokar Birtaniya, tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, a awon babbar da'ira, in jirgi ya isa a makare da awa uku zuwa huɗu fasinja yana da fam 260, in ya haura awa huɗu fam 520. Sharaɗin shi ne laifin na kamfani ne, kamar lalacewar jirgi ko rashin ma'aikata, ba hadari ko rufe sararin samaniya ba. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga Birtaniya, na kowane kamfani. A wajen shiga kuwa, sai in kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai. Ke nan in ta bi ta Doha ko Adis Ababa, dokar ba ta shafe ta a zuwa ba, amma ta shafe ta a dawowa. Ba a biyan kowa sai ya nema, don haka ka ce mata ta adana katin shiga jirgi da lambar tikiti, ta kuma rubuta lokacin da aka buɗe ƙofa bayan sauka, domin da shi ake ƙirga lattin, ba da lokacin da taya ta taɓa ƙasa ba.